Babi na Biyar: Kaset Mai Ruwan Ɗorawa

Wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Dambatta, ya san ƙasarmu ba ta da daji. Gona ce ke jingine da gona, sai dai jerin aguwa ko gamba ya nuna maka inda ta wane ta tsaya. Ba a barin ko taku ɗaya ya huta. Kowace damina sai ƙasar nan ta ba da gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa da gawo da kuka, kuma haka take yi tun kaka da kakanni. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya bi gonakin nan a shekarun 1960 yana neman abin da ya hana su gajiya. Amsar da ya samu kowane yaro a ƙauye ya san ta: taki ne. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi, a juye a gona. Abin da birni ya gama da shi, a wurinmu yake fara aiki.

Ta irin wannan hanyar gem ya iso mana. Injin da aka ƙera a Japan zai yi shekaru a ɗakin wani yaro a Ingila ko Jamus har ya gundure shi. A loda shi a kwantena tare da tsofaffin firji da talabijin, a sauke a Legas, ya ratsa kasuwar Alaba, ya hau babbar mota zuwa Kasuwar Sabon Gari. A Kano ma sai ya ƙara wasu shekarun a falon wani Alhaji ko a shagon mai gidan gem a Fagge ko Kurna, sannan ɗan ƙauyen da ya je cin rani ya saye shi da araha, ya ƙullo shi a buhu tare da kayan Sallah. Kafin ya zo hannunmu ya ba shekara goma baya. Shi ya sa abin da masu tara kayan da a Turai ke kira tsohon yayi, mu ba mu taɓa saninsa da wannan suna ba. Shi ne sabonmu.

Na farkon da ya shigo garinmu, yayan wani abokina ne ya kawo shi wajen tsakiyar shekarun 1990. Akwatin roba ne marar nauyi, da hannaye biyu, da bindigar roba, da kaset guda mai ruwan ɗorawa. A jikin kaset ɗin an jera lamba tara har sau bakwai, wai yawan wasannin da ke ciki ke nan. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai muka tarar ba su wuce goma ba, ana ta maimaita su da sabon suna. Ba mu ji an cuce mu ba, domin goman ma sun ishe mu shekara. Lokacin turakun NEPA ba su ƙaraso ba. Talabijin ɗin 'yar ƙarama ce, baƙi-da-fari, kuma da ita da injin duk daga batirin mota suke sha, shi kuwa batirin ranar kasuwa ake ɗaure shi a bayan keke a kai shi caji Dambatta. A kife turmi a zaure, a ɗora ta a kai, yara su zazzauna a ƙasa har bakin ƙofa. Idan batiri ya fara sanyi sai hoton ya riƙa tsukewa, baƙi ya ci sama ya ci ƙasa, Mario ya gajarce, kowa ya san an kusa tashi.

"Famili" muke ce masa, kuma sai da na girma na gane inda sunan ya samo asali. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 yana buga karta, shi ne ya fitar da Family Computer ranar 15 ga Yuli, 1983. Bayan shekara biyu Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fito da Super Mario Bros., wasan da gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, wato bai kai nauyin hoto guda da ake turawa a WhatsApp yau ba. Duk duwatsun nan da bututu da kunkuru da kiɗan da har yanzu mutanen zamaninmu ke iya feɗuwarsa, a cikin wannan ɗan wuri aka cusa su. Da yake cikin injin ba shi da sarƙaƙiya, masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwaye shi, har daga baya suka dunƙule shi duka a ƙwayar lantarki guda. Irin wannan kwafin ne ya shiga Rasha a 1992 da sunan Dendy, shi ne ya cika kasuwannin Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka, shi ne kuma ya zo zaurenmu. Nintendo bai yi lissafi da mu ba. Masu kwafi ne suka tuna akwai yara a wannan ɓangare na duniya.

Kowane wasa mu muka raɗa masa suna. Akwai Tanka, wanda asalin sunansa Battle City, na kamfanin Namco, inda mutum biyu ke tsaron wata mikiya da aka kewaye da bulo. Ina ganin ba a banza ya fi kowanne karɓuwa a wurinmu ba. Yaron da ya yini yana korar tsuntsaye daga gero ba ya bukatar a yi masa bayanin gadi: kai ka tsare gabas, ni in tsare yamma, duk wanda ya yi sakaci asarar ta kowa ce. Akwai Contra, sojoji biyu da ba sa rabuwa. Sannan akwai harbin agwagwa, inda in ka kuskure, kare zai leƙo daga ciyawa yana maka dariya.

Da wuta ta fara isa manyan garuruwa, ƙananan janareta kuma suka yawaita, sai abin ya fita daga zaure ya zama sana'a. Gidan gem ɗaki ne guda a bakin tasha ko kusa da kasuwa, da labule a ƙofa, da benci biyu, da talabijin mai launi a kan tebur. A nan muka haɗu da Sega, baƙa wuluk, da rubutun 16-BIT mai ruwan zinare a samanta. Mega Drive, sunanta ke nan na asali, ta fito a Japan a 1988, ta isa Turai a 1990, mu kuma muka same ta bayan su sun yi gaba. Sonic ya burge mu da gudu, amma Mortal Kombat ne ya cika ɗakin, domin shi mutum biyu ne fuska da fuska, kamar dambe a dandali bayan an yi girbi. Dokar ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya, ya kuma miƙa hannun ga na gaba. Gwani kan yini a kan benci da naira biyar ɗinsa a aljihu.

Gidan gem da gona kalandarsu ɗaya. Daga saukar ruwan shuka zuwa noman firi da maimai, ɗakin fayau yake, mai shi ma yana gandun gidansu. Da kaka kuwa sai an yi layi. Kuɗin daga kalar gyaɗa suke fitowa, da ƙullin harawa, da ƙwan zabi, da ɗan abin da yaro ya samu a gayaunarsa. Wannan ne ma ya sa iyaye suka tsani wurin, kuma ban ga laifinsu ba. Na san yaran da suka fasa asusun iyayensu mata saboda shi. Na san waɗanda suka mayar da wasan caca. Malamin allonmu ya sha ɗaga labulen nan da dorina a hannu, yaran da ya tarar kuwa da gaske sun gudo ne daga karatu. Akwai kuma wani rashin adalci da ba mu lura da shi ba a lokacin: mace ba ta shiga gidan gem. Tun ma zamanin zaure, yayata takan tsaya daga bakin ƙofa da farantin tallarta a ka, ta kalli Mario na ɗan lokaci, a ƙwala mata kira daga cikin gida ta wuce. Ban tuna ranar da wani ya miƙa mata hannun ba.

Sai PlayStation ta zo ta share fage. Sony ya fitar da ita ranar 3 ga Disamba, 1994, ta bar kaset ta koma faifai, shi kuwa faifai ana iya kwafarsa a sayar da arha idan an dasa wa injin wata 'yar ƙwaya a ciki. Abin da ya kama mu a nan ƙwallo ce, Winning Eleven na kamfanin Konami. Da yawa daga faifan da suka zo mana na Japan ne, rubutu da sharhi duk Japananci. Ba wanda ya iya karanta ko harafi, amma kowa ya haddace hanya: sauka biyu, danna, koma dama, danna. Ga shi zamanin Najeriya na tashe, an ɗauko zinaren ƙwallon ƙafa na Olamfik a Atlanta a 1996 bayan an doke Barazil da ci 4 da 3, an doke Ajantina da ci 3 da 2. A cikin wasan akwai Kanu da Okocha da Amokachi, akwai kuma Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna mai buga wa Ajax, wanda aka ba shi gudun da ba mai kamo shi. Har yau masu tsohon Winning Eleven a ƙasashen da ba su san inda Kaduna take ba suna tuna sunansa. Mu kuwa gani muke yi namu ne, mai irin sunan 'yan unguwarmu, yana keta Turawa a gefen dama.

Amma ita PlayStation mai laulayi ce. Kaset ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe, shi kuwa faifai ido ke karanta shi, kuma ido na gajiya. Duk wanda ya zauna a gidan gem ya san shirun nan da ake yi bayan farin allon Sony ya wuce, ana jiran baƙin allo mai tambarin PS ya bayyana. In ya ƙi, a buɗe, a goge faifan da gefen riga, a sake. In ya ƙi, a kife injin, cikinsa ya kalli sama. Da ina ɗauka camfi ne. Ashe 'yar hanyar da idon ke zirga-zirga a kai ce ke cinyewa har ya karkace, kifewar kuma sai ta sa nauyinsa ya dawo da shi daidai. Yara a Landan da Tokyo ma haka suka riƙa yi.

A nan ne zan tsaya a kan mutumin da in ba don shi ba da babu wannan babi, wato mai gyara. Namu asalinsa mai gyaran rediyo ne, yana da rumfa a kasuwa, da tebur cike da gawarwakin rikoda da tocila. Bai yi makarantar fasaha ba. Idan babu wuta, a garwashi yake ɗora ƙarfen dalmarsa. Abokan gabarsa uku ne: ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, zafin bazara da ke busar da roba, da wutar da ke zuwa yadda ta ga dama. Akwai na huɗu, rashin sani. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa ta ninka haka, don haka injin da aka jona kai tsaye ba tare da abin rage wuta ba, ƙauri kawai za a ji. Wani kuma zai kawo inji yana cewa launi ya ɗauke, alhali lafiyarsa lau, tsarin hoton ne ya bambanta: namu PAL, na Japan da Amurka NTSC, shi ya sa talabijin ke nuna shi baƙi-da-fari.

Na sha zama a bencinsa ina kallo. Hannun gem da maɓallinsa ya daina amsawa, zai buɗe, ya ciro 'yar robar ƙarƙashi, ya yanko wata daga mataccen rimot ya dasa. Wayar da ta tsinke daga ciki, zai bi ta da yatsa har ya ji inda ta yi laushi. Injuna uku matattu kan zama guda mai rai a hannunsa. Shi ne ya hana ni hura kaset da baki.

"Kai yaro, wa ya ce maka numfashinka magani ne?" in ji shi. "Yawu kake zuba masa. Yau zai tashi, baɗi ya yi tsatsa. Samo auduga da sifirit."

Na ce, "Malam, ai kowa haka yake yi."

Ya ce, "Shi ya sa kowa yake zuwa wurina."

Gaskiyarsa ne. Abin da ke tayar da kaset ɗin cirewa da mayarwa ne, su ke kankare dattin da ke kan haƙoran. Nintendo ya daina ƙera Family Computer a 2003, ya kuma daina karɓar gyaransa a 2007 saboda kayan gyara sun ƙare masa. Malam bai daina ba. Gashinsa ya yi fari, yawancin aikinsa yanzu waya ce da fitilar sola, amma ranar da na ajiye masa Sega a kan tebur bayan shekara da shekaru, bai tambaye ni mece ce ba. Juya ta ya yi, ya kai hannu ga sukundireba.

Na fara tarawa ne bayan na yi shekaru ina aiki a birni. Wata Sallah na je gida, na tarar da famili ɗin abokina a ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, cikin tsohuwar kwalla, robarsa ta koma kalar ƙasa. Na roƙa aka ba ni. Daga nan na shiga tambaya, ƙauye ƙauye, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa. Yanzu ina da famili uku, Sega biyu, PlayStation ta farko guda, PS2 biyu, da kwali cike da kaset. Duk wanda ya gani tambayarsa ɗaya ce: "Ba ga su nan a waya ba?" Suna nan kuwa. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin injuna, kuma na gode wa waɗanda suka rubuta su, domin ta dalilinsu wasanni da yawa ba za su ɓace ba. Sai dai akwai abubuwan da ba sa bin wasan zuwa cikin waya.

Ɗauki bindigar agwagwa. Ba ta harba komai, gani take yi. Da ka ja kunama, allon zai yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin murabba'i ya bayyana daidai inda agwagwar take. Idan ɗan idon da ke cikin bakin bindigar ya ga baƙin ya kuma ga farin a kan lokaci, ka samu. Wannan dabara tana aiki ne kawai da tsohuwar talabijin mai doro, wadda ke zana hoto nan take da isowar saƙo. Fulasma ta zamani sai ta karɓi hoton ta sarrafa shi tukuna, kuma ɗan jinkirin nan, ko da ido ba ya ganinsa, ya isa ya makantar da bindigar. Jinkirin nan dai shi ke sa wanda hannunsa ya saba ya riƙa faɗawa ramin da ya yi shekara ashirin yana tsallakewa. Zai zaci tsufa ne ya kama shi, alhali talabijin ce.

Wani abin ya fi wannan taɓa ni. Ranar da na fara kunna Sonic a waya, sai na ji kiɗan yana sauri, kamar mai kalangu da aka ce ya yi maza ya gama. Na ɗauka wayar ce ta lalata shi. Ashe tamu Segar ta Turai ce, mai tafiya da bugu 50 a daƙiƙa, ta Japan da Amurka kuwa 60, kuma Sonic na farko ba a daidaita shi da wannan bambanci ba. Wato wanda muka sani ya fi na asali nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida, gudu da kiɗa duka. Masana za su ce namu ne mai aibi. Amma shi ne a kunnena, shi ne a yatsuna, kuma ba na samunsa cikakke sai na jona baƙar Segar nan da talabijin mai doro.

Wannan ya kai ni ga wata gardama da na sha yi da wani abokina a birni, mai bin zaurukan masu tara irin waɗannan kaya a intanet. A wurinsu darajar abu ita ce ya zama na asali, daga masana'antar Nintendo, da kwalinsa da takardarsa. A wannan ma'auni famili ɗina shara ne, kaset mai ruwan ɗorawa kuwa jabu. Ban yarda ba. In ana maganar tarihin Nintendo, to, suna da gaskiya. In kuwa ana maganar tarihin yadda yaran karkarar Kano suka fara riƙe na'ura mai amsa umarninsu, kwafin nan shi ne na asali, domin babu wani kafinsa. Shi ne ma ya fi saurin ɓacewa. Ƙwayar da ke cikin irin wannan kaset an lulluɓe ta da baƙin ɗigo kamar kwalta, in ta mutu ba mai tayar da ita, ko Malam. Kuma babu gidan tarihin da ke nemansa.

A watan Yulin 2021 an yi gwanjon kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kamfanin Heritage Auctions na Amurka, aka saye shi dala miliyan 1.56. Wata guda bayan haka wani Super Mario Bros. da ke cikin ledarsa ya kai dala miliyan 2. Abin da ya ba su wannan daraja shi ne babu yaron da ya taɓa wasa da su, kuma duk ranar da aka yage ledar kuɗin sun zube. Na daɗe ina juya wannan a raina, sai na tuna yadda mahaifina ke ajiye iri. Da kaka zai zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure dabam, ya hana kowa taɓawa ko da yunwa ta matsa. Amma ajiyar ta damina ɗaya ce. Irin gyaɗa in ya yi shekaru a rumbu, ko ƙwaro bai taɓa shi ba, ka shuka ba zai tsiro ba. Inji ma yana mutuwa a ajiye. 'Yan gwangwanayen nan da masu gyara ke kira kwandansa suna bushewa ko su yi yoyo su ci allon. Ɗan batirin da ke cikin wasu kaset yana riƙe inda ka tsaya, shi ma yana ƙarewa. Roba na ƙagewa. Na san amfani ma yana cin inji, musamman mai ido. Bambancin shi ne wanda ake kunnawa, ranar da ya fara ciwo za a ji, a kai shi wurin mai gyara, yaron mai gyara kuma ya ga yadda ake yi.

Hujjata a kan haka ita ce PS2. Ta fito ranar 4 ga Maris, 2000, an sayar da fiye da miliyan 150, Sony ya daina ƙera ta a farkon 2013. A Turai ta zama kayan tarihi. A garuruwanmu har yanzu akwai ɗakunan da take ciyar da mai ita. Idonta ya mutu tuntuni, amma an sa mata wata manhaja a katin ajiya, tana ɗauko wasa daga filashi. Ita ma ƙwallon ba a bar ta ta tsufa ba. Konami ya daina yi wa PS2 sabon Pro Evolution Soccer, wato Winning Eleven, ya ma sauya wa wasan suna zuwa eFootball a 2021, amma masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suna buɗe tsohon su sauya 'yan wasa da riguna duk kakar wasa. A Barazil nasu ya yi suna, Bomba Patch. Ta haka za ka ga yaro a ƙauye yana cin ƙwallo da Osimhen a kan injin da ya fito lokacin Osimhen yana ɗan shekara ɗaya.

Sai dai ɗakunan suna raguwa. Waya ta shiga aljihun kowane saurayi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta don yara huɗu ya daina biyan kansa, wanda bai samu kuɗin sola ba ya rufe ko ya koma cajin waya. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne 'yan gwangwan, masu sayen tarkacen ƙarfe. Ba na zarginsu, abinci suke nema, su ma irin aikin jakunan nan suke yi ta wata fuska. Amma a sikelinsu Sega roba ce da ɗan ƙarfe, talabijin mai doro kuwa jar wayar da ke naɗe a wuyan kwalbarta ce kawai abin so. A fasa, a zare, a watsar da gilashin mai ɗauke da dalma a bayan gari. Sony ya daina yin irin wannan talabijin tasa, Trinitron, tun 2008, sauran kamfanoni ma sun bi sahu. Duk wadda aka fasa ba za a sake yin madadinta ba, kuma ba tare da ita ba bindigar nan sanda ce kawai.

Bara da kaka na ci karo da wani yaro yana tura kura a hanyar garinmu, da talabijin inci goma sha huɗu a kan tarkacensa, ba a kai ga fasa ta ba. Na tambaye shi nawa zai samu a jar wayarta, ya faɗa, na ninka masa. Na ɗaure ta a bayan babur zuwa rumfar Malam. Kafin ya taɓa komai sai da ya sauke wutar da ke maƙale a kwalbar, yana gargaɗin yaronsa cewa irin wannan tana iya kayar da mutum ko an daɗe da zare ta daga soket. Ya sauya kwandansa biyu, ya bi tsofaffin ɗaurin dalma ya sabunta. Da la'asar ta kawo haske.

A daren nan na kife turmi a zauren gidanmu, na jona ta da batirin sola, na sa kaset mai ruwan ɗorawa. 'Ya'yan 'yan'uwana suka cika wurin, maza da mata, wasu da wayar iyayensu a hannu. Da farko raina hoton suka yi. Da aka fara harbi kuwa sai ga layi har waje. Ana cikin haka na ɗaga kai na ga yayata a bakin ƙofa, ta zo ganin gida, da jikarta a goye. Ta daɗe a tsaye tana kallon karen nan yana dariya.

Na ce, "Yaya, ko za ki gwada?"

Ta ce, "Wannan ba shi ne na gidan su abokinka ba?"

Na ce shi ne.

Ta gyara goyonta, ta tsallake ƙafafun yara, ta karɓi bindigar daga hannun ɗanta. Ta tambayi inda ake ja, aka nuna mata. Agwagwa ta farko ta tsere. Ta matsa gaba kaɗan, ta rufe ido ɗaya, ta ce a sake sako wata.